Yinin da Muka Yi Muna Yawo da Tantin Idi a Doha

Najma, ƙarfe huɗu da rabi na asuba

Jama'ar gida, masu cewa mu nan Ƙatar da shebur muke kwasar kuɗi, ku matso ku ji. Ranar Litinin ɗin da ta wuce, ƙarfe huɗu da rabi na asuba, na diro daga gadon sama na sauka a kan takalmin wani, takalmin kuma da ƙafa a ciki. Mu takwas ne a ɗakinmu na unguwar Najma, ɗakin da in ka yi atishawa a bakin ƙofa sai na jikin taga ya goge fuska. Ranar hutuna ce daga aikin gadi, guda ɗaya tal a sati, ranar da nake barci har sai cikina ya kai ƙarata. Amma ran nan ban yi barcin ba, saboda Idi.

Idi taubashina ne, ɗan gwaggona ta Zariya. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, amma shi ɗan mace ne ni ɗan namiji, don haka bawana ne. Ga shi Bazazzagi ni Bakano, abin ya haɗe masa biyu. Shekara ashirin da biyu yana jan bas tsakanin Zariya da Kano. Bas ɗin ya sayar ya biya ejan, aka kawo shi direban gida wajen wani Balarabe a Ain Khaled. Ran nan kwanansa ashirin da uku a ƙasar. Lasin tuƙi na nan bai fito masa ba tukuna, sai wankin mota da aike.

Lokacin sanyi Larabawan nan sahara suke fita su kafa tantuna, su yi hutun ƙarshen mako a can da iyalansu. Kafil ɗin Idi, wato maigidan da bizarsa ke hannunsa, wanda duk 'yan aikin gidan ke kira Baba, ya ba shi riyal dubu biyu da ɗari huɗu da hoton wani tanti, ya ce a sayo a babban shago na Titin Salwa, kuma lallai mai daman. Aka fassara wa Idi cewa daman shi ne garanti. Idi ya kira ni daga bakin shagon. Ni kuma, Sabi'u sarkin sanin gari, na ce, "Kai Bazazzagi, kar ka yi wauta. Bayan layin nan akwai wurin rangwame na kamfanin, kaya iri ɗaya, rabin kuɗi. Ka saya, ka mayar wa Baba canji, gobe ya ba ka makullin babbar mota."

Ya saya dubu da ɗari uku. Ya mayar da canji har riyal na ƙarshe. Ranar Alhamis aka kafa tantin a sahara, iskar arewa ta taso, ɗinki ya buɗe daga ƙololuwa har ƙofa, sandar tsakiya ta karye ta sauka a kafaɗar mahaifiyar Baba, tsohuwa, a gaban baƙi. Baba ya ce magana ɗaya: kafin magaribar Litinin a kawo sabo da garantin da aka ce akwai, in ba haka ba a soke biza, Idi ya hau jirgi. Khalas, an gama magana.

Na yi asuba biyar saura biyar a masallacin layinmu. Na sha karak, shayin madara mai kauri, riyal ɗaya, da capati, gurasar Indiyawa, mai ƙwai riyal biyu. Na ɗauki rigar sanyina ta diyuti na fita.

Jirgin ƙasa da bas

Biyar da rabi na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, riyal biyu. Na canja layi a Msheireb na nufi Aziziya. Taragon cike da irinmu, masu yunifom kala-kala, kowa na gyangyaɗi a tsaye kamar an rataye riguna a kanti. Daga Aziziya na hau ƙaramar bas. Daga ƙofarmu zuwa ƙofar su Idi bai wuce kilomita goma sha uku ba, amma sai da na ci awa ɗaya da minti goma.

Ain Khaled, bakwai saura kwata

Unguwa ce ta manyan katangu, shiru kamar an hana magana. Na tarar da Idi a ƙofar baya yana zaune a kan jakar tantin, doguwa kamar gawar da aka naɗe. Ya rame a kwana huɗu.

"Bawa, ka kwana lafiya?"

"Sabi'u, ajiye wasan nan yau."

"Wasa kuma? Ni da na zo ƙwato maka haƙƙi? Ina rasit?"

Ya zaro shi daga cikin hula, a naɗe cikin leda. Rubutun ya fara dusashewa, da wani jan hatimi da ya dame a kusurwa. Na ce, "Ka tabbata ka tambayi garanti?"

"Sau uku. Da bakinsa ya ce mini ba wanda ya kai shi garanti."

"Shi ke nan. Yau sai sun ba mu sabo har da matashin kai."

Tsohon direban gidan, Ammi Usman, mutumin Sudan, ya dawo daga kai yara makaranta ya ce zai rage mana hanya. Muka ciccibi jakar. Wallahi in an ce mini akwai raƙumi a ciki ba zan yi musu ba. Da zai sauke mu Ammi Usman ya kalli agogo ya ce, "Magariba biyar saura minti goma. Baba ba ya jira." Na gida ku sani, da sanyi a nan rana da wuri take faɗuwa.

Wurin rangwame, Titin Salwa, ƙarfe takwas

Kilomita huɗu ne daga gidan. Muka zauna a dakali har takwas da rabi aka ɗaga ƙofa. Wurin katafaren sito ne aka yi wa fenti: tantuna, kujerun naɗewa, takalman hawan dutse, fitilu, akwatunan ƙanƙara, kowanne da jar takarda an soke tsohon farashi. In ka shiga sai ka ji kai ne wayayyen duniya, sauran mutane duk wawaye. Na san wannan jin, shi ya kai mu nan.

Idi ya nuna wani siririn Ba'indiye mai gashin baki. "Ga shi can. Shi ne."

Na gyara kwala, na ajiye rasit a kanta da ƙarfi, na saki Larabcin kasuwa irin namu, wanda ko Larabawan ba su san shi ba. Na ce tanti ya yage, sanda ta karye, tsohuwa ta ji ciwo, muna son sabo yanzu, yalla, maza-maza.

Mutumin ya kalli rasit, ya kalli Idi, ya gane shi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Sadik, abokina, na gaya masa. Sau uku ya tambaya, sau uku na ce mafi daman."

Idi ya dafa kafaɗata da murna. "Ka ji ko! Ka ji da kunnenka! Ya sake faɗa. Mafi daman!"

Jama'a, na juya na kalli Idi. Fuskarsa ta washe, karon farko a ranar.

"Idi, me ka ji ya ce?"

"Mafi daman mana. Daman ba garanti ba ne? Mafi garanti. Kamar ka ce mafi kyau, mafi girma."

"Idi, mafi a bakinsu babu ne."

"Babu me?"

"Babu. Babu kawai. Mafi ruwa, babu ruwa. Mafi daman, babu garanti."

Ya tsaya yana kallona ko zan fashe da dariya, don ya san halina. Na so in yi dariyar, wallahi da a gida ne sai na shekara ina ba da labarin nan a ɗaurin aure. Amma ba ta zo ba. Ya sake kallon Ba'indiyen, ya kalli jan hatimin. Idi ya sauke Alƙur'ani, ya iya haɗa baƙin Larabci tsaf, har ya karanta hatimin a ranar da ya saya, shi ma cewa yake ba garanti. Karantawa ya yi, ma'anar ce ba wanda ya gaya masa.

Na koma kan mai shagon da borin kunya. Na ce a kira manaja. Manaja ya zo, ya nuna mana wani allo a saman ƙofa, da Larabci da Turanci, girmansa ya kai ƙofar gareji: kayan nan ba a mayarwa, ba a canjawa, ba garanti. Na sha shiga wurin nan, ban taɓa ɗaga kai ba. Na yi barazanar hukuma, na yi ta 'yan jarida, na ce kawuna lauya ne. Manaja ya ce in je, rasit a hannuna yake, hatimi a jiki. Ya ba mu ruwa gora biyu kyauta, ya ce mu gwada babban shago.

A waje Idi ya zauna a kan jakar ya ce, "To shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Ranar da na fasa kofin shayi, matar Baba ta ce mafi mushkila. Kwana biyu ban runtsa ba. Na ɗauka ta ce wannan ce mafi girman matsala."

Nan dai dariyar ta kuɓuce mana mu biyu, irin wadda ba ta da daɗi, mai ƙarewa da tari.

Babban shago, tara da rabi

Mita ɗari shida ne tsakani, da ƙafa muka yi, ni a gaba shi a baya, jaka a kafaɗa. Masu wucewa a mota suna rage gudu suna kallo, ina jin wasu har salati suke yi wa mamacin.

Nan kuma sanyin na'ura, ƙamshi, an kafa irin tantin namu a tsakiyar shago da fitilu da dardumomi kamar ɗakin amarya. Wata 'yar Filifin a kanta ta saurare mu da ladabi har ƙarshe. Ta ce mu buɗe jakar. Ta laluba cikin tantin ta zaro ƙyallen da ke ɗauke da lambar kaya, ta nuna mana an datse gefensa da almakashi.

"Duk wanda aka kai wurin rangwame haka ake datse shi, don kar a dawo mana da shi nan. Wanda aka saya a nan, shekara biyu muna gyarawa ko mu canja. Wannan na'ura ma ba za ta karɓi lambarsa ba."

Na ce, "'Yar'uwa, ba na'ura muke roƙo ba, ke muke roƙo. Mutumin nan jirgi za a sa shi."

Ta kalli Idi, ta kalli kyamarar da ke saman kanta. Ta ce ita ma da biza take zaune. Ta rubuta mana lambar titi a Sana'iya, inda wurin gyaran kamfanin yake, ta ce wataƙila su gyara da kuɗi.

Na tambayi kuɗin sabo, ko an rage. Dubu biyu da ɗari huɗu, yadda yake. Idi bai karɓi albashin farko ba, ni kuma nawa ya tafi Kano tun ran biyar ga wata. Muka naɗe kayanmu.

Hanyar Sana'iya, goma da rabi

Tasi biyu suka tsaya, suka ga jakar, suka ƙara mai. Na uku wani Bapakistane ne mai a-kori-kura, ya ce riyal talatin. Na ce ashirin. Ya ce, "Kai Najeriya ne ko?" Na ce ya aka yi ya sani. Ya ce mu kaɗai ne muke ciniki muna tsaye a rana da gawa a kafaɗa. Muka daidaita a ashirin da biyar.

Sana'iya ita ce unguwar masana'antu, bayan gari. Duk hoton Doha da muke turo muku, na dogayen gine-gine a bakin ruwa, ba a nan ake ɗauka ba. Nan garejoji ne da sito-sito da gidajen leburori, tituna ba suna sai lamba, manyan motoci suna ta niƙa kwalta. Idi na gaba kusa da direba, ya zuba wa hannunsa ido. Da mutumin ya sa giya ba daidai ba sai na ga hannun Idi ya motsa da kansa a kan gwiwa.

"Kulocinsa ya kusa tafiya," ya ce da ni da Hausa.

"Gaya masa mana."

"Da wane baki? In ce mafi kuloci?"

Kilomita tara, minti arba'in, saboda mun ɓata sau biyu.

Wurin gyara, sha ɗaya da kwata

A get wani maigadi ɗan Yuganda ya tare mu. Na nuna masa rigata, na ce ɗan'uwa, sana'a ɗaya muke. Ya ce ya gani, in kawo katin zama. Ya karɓe na mu biyu ya jefa a durowa, ya ba mu lambar rataya a wuya. Yadda ya yi mini haka nake yi wa mutane kullum a get ɗinmu, ashe ba daɗi.

Muka jira minti hamsin a benci. Aka kira azahar muka yi a wani lungu a kan kwali. Sannan wani dattijo mai tabarau ya fito, ya sa aka shimfiɗa tantin a ƙasa. Bai kalli inda ya yage ba. Wani gefe mai lafiya ya kama, ya ja ɗinkin da yatsa biyu, zaren ya tsinke kamar taliyar da ta dahu.

Ya ce irin wannan ya yi bazara biyu ko uku a sito ba na'urar sanyi. Zafin ƙasar nan yana cin zare. Yadin na nan da kyau, ido ba ya ganin komai, shi ya sa ake rage kuɗin kuma a cire garanti. In za su gyara, sai an warware duka an sake ɗinki: riyal ɗari tara, kwana goma.

Na ce, "Yau muke so. Kafin biyar saura."

Ya cire tabarau ya kalle ni kamar na ce ya haifa mini ɗa kafin la'asar.

Muka karɓi katunanmu muka fito. A wata rumfar abinci ta leburori na sayi biryani faranti biyu, riyal goma-goma. Na cinye nawa, ba zan yi muku ƙarya ba, baƙin ciki bai taɓa hana ni cin abinci ba. Idi ya yi loma uku ya ture.

"Ci mana, bawa. Jirgi ba ya ba da na kirki."

"Sabi'u, ka san abin da nake gani? Ba jirgin ba. Tashar Kwangila ta Zariya nake gani. In tsaya a bakin titi ina kiran fasinja, Kano, Kano, saura mutum ɗaya, ina cika wa yaran da na koya wa riƙe sitiyari mota, su miƙo mini na shayi ta taga. Shekarata arba'in da shida. Ranar da na sayar da bas ɗin nan matata Talatu sai ta je ta share ƙasan inda nake ajiye ta. Ko wata ban yi ba in koma mata da jaka ɗaya?"

Na ce, "Ni na jawo maka."

"Kai ka ce in je. Kunnen nawa ne."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Fereej Abdel Aziz, biyu saura kwata

Dabara ɗaya ta rage mini: Awudu. Mutumin Zangon Kumasi ne, yana ɗinkin kujerun majalisa, wato falon baƙi na Larabawa, a wani lungu a Fereej Abdel Aziz, tsohuwar unguwa a tsakiyar gari. Wata a-kori-kura ta kai mu, kilomita goma sha bakwai, riyal talatin da biyar, ban ko yi ciniki ba.

Awudu Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk ya ne. Na sha tsokanarsa a kai. Ran nan ban tsokane shi ba.

"Massa Sabi'u, wane ne ya mutu?"

"Tanti ne. In ba ka taimaka ba mai shi zai biyo baya."

Ya ji labarin, har da mafi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni satin farko na, mudir, manajanmu, ya ce mini ruh, na tsaya ina neman ruhi. Ashe tafi ya ce." Ya ture kujerar da yake yi wa wani, ya ce mu riƙe masa yadin.

Awa biyu cur keken nan yana ruri. Ni da Idi muna tura yadi ta gefe ɗaya muna ja ta ɗaya, shagon ba ya ɗaukar rabin tantin, sauran yana kan titi mutane suna tsallakewa. Tantin ruwan ƙasa ne, zare mai ƙarfin da Awudu ke da shi kuma ja ne, na kujeru. Babu lokacin neman wani. Sandar da ta karye ya zura mata guntun bututun ƙarfe ya ɗaure da ƙusa biyu. Da aka gama, wani jan layi ya taso daga ƙofa har ƙololuwa kamar wanda aka yi wa tiyata. Makaho ma zai gani, in bai gani ba zai ji a jikinsa.

Kuɗin zare kawai ya karɓa. Ya ce wa Idi, "Babana, Allah ya sanyaya zuciyar mutumin." Muka yi la'asar a makare muka fita huɗu saura minti biyar.

A mota na shirya wa Idi karatu. "Ka bar mini maganar. Zan ce kamfani ne suka gyara da garanti, sabo ya ƙare, jan zaren nan na musamman ne daga Jamus. Kai dai ka riƙa gyaɗa kai."

Ya kau da kai yana kallon titi.

Ain Khaled, biyar saura kwata

Mun iso ana shirin kiran salla. Baba na tsaye a farfajiya da carbi, mutum ne mai kamar shekara hamsin, ba mai hayaniya ba, irin waɗanda shirunsu ya fi faɗa ciwo. Ya sa muka shimfiɗa tantin a kan tayil. Ya bi jan layin da ido tun daga ƙasa har sama.

Na buɗe baki. Jama'a, na yi ƙarya a rayuwata, amma ta ran nan da ana ba da lambar yabo da na samu. Na kawo kamfani, na kawo injiniya, na kawo Jamus. Baba yana saurare. Da na gama sai ya juya wajen Idi, ya nuna ɗinkin da carbi, ya ce kalma ɗaya: "Sharika?" Wato kamfani ne?

Na taka ƙafar Idi.

Idi ya cire hula ya zaro rasit ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Baba, mafi sharika. Mafi daman." Ya nuna kunnensa, ya nuna ƙirjinsa. Sannan ya ce da ni da Hausa, "Gaya masa yadda aka yi. Duka. In ka ƙara gishiri zan gane a fuskarsa."

Kalmar da ya koya da safe, da ita ya rushe mini gini da yamma. Na fassara, ba gishiri. Na faɗi abin da mafi ke nufi a Hausa, na faɗi wanda ya ba da shawarar wurin rangwame. Ammi Usman yana gefe, ya sunkuyar da kai. Baba bai yi murmushi ba. Ya kalle ni ya ce kar ya sake ganina a ƙofarsa. Aka kira salla, ya wuce masallaci ya bar mu a tsaye.

Minti ashirin da biyar muka yi a wurin. Mu ma muka yi tamu sallar a gefen gareji. Da ya dawo bai kalle mu ba, da Ammi Usman ya yi magana, shi kuma ya juyo mana da ita.

Ba za a soke biza ba, saboda bai ci canji ba kuma bai yi ƙarya ba. Amma mutumin da ba ya jin magana ba zai ɗauki 'ya'yansa a mota ba. An dakatar da maganar lasin. Mai gadin sansaninsu na sahara ya tafi gida, gobe da safe za a kai Idi can, ya zauna har a tashi sansani a ƙarshen sanyi, ya kula da janareta da tankin ruwa. Iyali za a saya musu sabon tanti. Wannan kuma na Idi ne, a ciki zai riƙa kwana.

Wurin ya fi kilomita sittin daga gari, ba maƙwabci, waya sai an hau tudu. Daga Asabar zuwa Laraba shi kaɗai.

Idi ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya durƙusa ya fara naɗe tantin, a hankali, yana bin ɗinkin da tafin hannu. Ni da shi mun ji abin da mai tabarau ya ce game da sauran zaren.

A ƙofar baya na cire rigar sanyina ta diyuti na ba shi. Za a yanke mini a albashi, su yanka.

"Ta yi maka yawa, bawa."

"Komai naka ya yi yawa, Sabi'u. Har bakin."

Komawa Najma

Bas shida da minti goma, jirgi daga Aziziya, canji a Msheireb. Bakwai da rabi na tura ƙofar ɗakinmu ina rawar sanyi, riga ɗaya a jikina. 'Yan ɗaki suka ce yaya, an samo garanti? Na ce mafi. Suka yi dariya, na haye gadona ban ci abincin dare ba, abin da ya sa Ɗanladi na gadon ƙasa ya miƙo hannu ya taɓa goshina.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Awudu Kumasi da ya ajiye aikin kuɗi ya yi na Allah, da Ammi Usman, da yarinyar nan ta kanta da ta yi mana iya abin da kyamara ta bari. Masu shirin zuwa, in kun ga jar takarda a jikin kaya ku ɗaga kai ku karanta allo, in ba ku gane ba ku tambayi wanda ya daɗe, amma ba irina ba.

Idi ne ya ce in rubuta duka don na baya su ji. Sharaɗi ɗaya ya kafa: Talatu ba ta cikin zauren nan namu na waya, kar wanda ya kai mata. Na san halinku, musamman ku 'yan Tudun Wada. In ta tambaye ku, ku ce yana nan lafiya, aiki ya zauna, har an ba shi wurin kwana shi kaɗai ba ya haɗawa da kowa. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Ku sa shi a addu'a.